Wa Ke Da Bakin Magana? Gardamar Agana a Birnin Boston, 1721

 

Gabatarwa

Akwai wata magana wadda kusan kowa a zauren nan ya taɓa jinta, ko dai an faɗa masa, ko kuwa shi ya faɗa wa wani. Maganar ita ce, "Wannan ba fanninka ba ne." Ɗalibi yakan ji ta a aji idan ya ja da malaminsa. Ma'aikaci yakan ji ta a taron kwamiti idan ya nemi injiniya ya bayyana masa dalilin da ya sa kuɗin gina gada ya ninka. Manomi yakan ji ta daga bakin malamin gona idan ya ce irin da aka kawo ba zai karɓi ƙasarsu ba. Wani lokaci maganar gaskiya ce, tana kuwa tsare jama'a daga ɓarnar mai ƙaramin sani, wanda Hausawa suka ce ƙuƙumi ne. Wani lokaci kuma ƙofa ce ake rufewa a fuskar mutumin da ya zo da abin da masu fannin ba su sani ba.

Tambayar da ke gabanmu ke nan: shin wajibi ne mutum ya zama gwani a wani fanni kafin a ba shi bakin magana cikin gardamar da ta shafi fannin? Zan nemi amsarta daga tarihi, watau daga wata gardama da aka yi a birnin Boston a shekarar 1721 a kan cutar agana. Na zaɓe ta domin an rubuta labarinta dalla-dalla, rayukan mutane ne kuma a kan faifai, sa'an nan mutum huɗun da suka fi fice a cikinta kowa da matsayinsa na ilmi: likita mai digiri, da likitan da ya koyi aiki a hannu, da malamin coci, da kuma bawa ɗan Afirka.

Gari da cutarsa

Boston gari ne na bakin teku a gabashin ƙasar da a yau ake kira Amurka. A 1721 yana ƙarƙashin mulkin Sarkin Ingila, mutanensa kuwa wajen 11,000 ne, abincinsu kuma yana ga cinikin jiragen ruwa. Jiragen nan da ke kawo kaya su ne ke kawo annoba. Agana takan shigo ta ci rabonta ta wuce, sai bayan shekaru ta komo, lokacin da aka haifi sababbin yara waɗanda ba su taɓa yinta ba. Zuwanta na baya shi ne a 1702, saboda haka duk wanda bai kai shekara 19 ba a garin, in dai a nan aka haife shi, ba shi da wata kariya.

Yawancin ɗaliban da ke nan ba su taɓa ganin mai agana ba, sai dai watakila sun ga zanzana a fuskar wani tsoho, ko tabon lamba a dantsen iyayensu. Cuta ce mai farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon baya, sa'an nan ƙuraje su feso wa mutum tun daga fuska har tafin ƙafa, su cika da mugunya. Wanda ya tashi yakan tashi da zanzana, wani ma da makanta, amma fa ba ya sake yinta har abada. Likitocin wancan zamani ba su da maganinta, ba su kuma san abin da ke kawo ta ba.

A watan Afrilu na 1721 wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Seahorse ya iso Boston daga tsibiran Karibiyan, da masu agana a cikinsa. Kafin ƙarshen watan Mayu cutar ta shiga gari, ɗaruruwan mutane suka kwashe iyalinsu suka gudu ƙauyuka.

Abin da bawa ya faɗa wa ubangidansa

Babban malamin coci a garin shi ne Cotton Mather. Mutum ne mai yawan karatu da yawan rubutu, ya yi makaranta a Harvard, yana sha'awar littattafan likita tun yana saurayi, har ƙungiyar masana kimiyya ta Landan da ake kira Royal Society ta zaɓe shi cikin 'ya'yanta a 1713. Amma dai ba likita ba ne. Yana kuma da tabo a idon jama'a, domin an san hannunsa cikin al'amarin shari'ar maita ta garin Salem a 1692, inda aka kashe mutum 20 a kan zargin da ba shi da tushe. Ya san zafin annoba a gidansa, gama a 1713 ƙyanda ta kashe masa mata da 'ya'ya uku cikin 'yan makonni.

A 1706 mabiyansa suka sayi wani bawa ɗan Afirka suka ba shi kyauta, ya sa masa suna Onesimus. Wata rana Mather ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana. Bawan ya amsa masa da cewa ya yi, kuma bai yi ba. Ya nuna masa tabo a hannunsa, ya bayyana masa cewa a ƙasarsu akan ɗebo ɗan ruwan ƙurjin mai agana, a yi wa mai lafiya 'yar tsaga a fata, a shafa masa. Mutumin zai yi agana mai sauƙi, ya warke, ba kuwa zai sake yinta ba. Wannan dabara ita ce zan riƙa kira tsagar agana a cikin wannan lacca. A yau mun san dalilin da ya sa take aiki: ƙwayar cutar da ta shiga ta fata ba ta kai wadda aka shaƙa ta numfashi tsanani ba, jiki kuma yakan sami zarafin shirya mata kafin ta mamaye shi.

Mather bai tsaya ga maganar mutum ɗaya ba. Ya tambayi waɗansu 'yan Afirka da ke garin, suka ba shi labari iri ɗaya, suka nuna masa tabonsu. Bugu da ƙari, ya karanta a mujallar Royal Society rahoton wani likita mai suna Emanuel Timonius, wanda aka buga a 1714, yana bayanin yadda ake yin irin wannan tsaga a Istambul. A 1716 Mather ya rubuta wa ƙungiyar wasiƙa ya shaida musu cewa shi ya riga ya ji wannan daga bakin bawansa, ya kuma ƙudura cewa in agana ta komo Boston zai nemi likitoci su gwada.

Da ta komo ya cika alkawari. A watan Yuni na 1721 ya rubuta wa likitocin gari yana roƙonsu su taru su duba al'amarin. Ba wanda ya kula shi sai mutum ɗaya, Zabdiel Boylston, likitan da bai taɓa shiga jami'a ba, a hannun mahaifinsa da wani likita ya koyi aiki. Ran 26 ga Yuni Boylston ya yi wa ɗansa Thomas mai shekara 6 tsaga, tare da bayinsa biyu, babba da ƙaramin yaro. Duka ukun suka yi agana mai sauƙi suka tashi. Ya kamata mu lura a nan cewa bayin nan biyu ba su da ikon cewa a'a, shi ma yaron haka, wannan kuwa tabo ne a labarin wanda nasarar da aka samu ba ta shafe shi ba.

Likita mai digiri

Da labari ya bazu sai gari ya ɗauka. Jagoran masu hamayya shi ne William Douglass, mutumin Sikotland, wanda ya yi karatu a manyan makarantun likita na Turai, ya sami digirinsa a Utrecht ta ƙasar Holan a 1712. Duk garin Boston shi kaɗai ne ke da digirin likita. Abin mamaki kuwa, mujallar nan da Mather ya karanta rahoton Istambul a cikinta ta Douglass ce, aro ya ba shi, da gardama ta yi zafi kuma ya karɓe abarsa ya hana kowa gani.

Hujjojin Douglass huɗu ne, ina kuwa roƙonku ku riƙe su da kyau, domin a kansu laccar nan ta dogara. Ta fari, ya ce sanya wa mai lafiya cuta mai kisa da gangan abu ne mai haɗari wanda ba a jarraba shi yadda ya kamata ba, bai dace a fara shi a tsakiyar annoba a kan jita-jita ba. Ta biyu, ya ce wanda aka yi wa tsaga yana iya shafa wa waɗansu agana, Boylston kuwa yana yi wa mutane a tsakiyar gari ba tare da ya keɓe su ba. Ta uku, ya ce malaman coci su tsaya ga wa'azinsu su bar aikin likita ga likitoci, Boylston kuma ba shi da ilmin da zai ɗauki irin wannan kasada. Ta huɗu, ya ce shaidar 'yan Afirka ba abin kamawa ba ce, ya yi musu kuɗin goro ya ce maƙaryata ne.

In kun duba za ku ga hujjojin nan sun kasu biyu. Biyun farko a kan tsagar kanta suke, watau haɗarinta da yadda ake yinta. Biyun ƙarshe kuwa a kan mutanen da suka kawo ta suke, watau matsayinsu da launin fatarsu. Douglass ya haɗa su duka ya zuba a ƙwarya ɗaya, kamar dai ƙarfinsu ɗaya ne.

A watan Yuli hukumar gari ta tara likitoci. Wani likita Bafaranshe mai suna Lawrence Dalhonde ya ba da shaida cewa ya ga an yi tsaga a waɗansu ƙasashen Turai, ta kuma hallaka mutane. Ba a nemi ya kawo wata hujja ba, aka dai karɓi maganarsa domin likita ne, hukuma ta hana Boylston ci gaba. Manyan malaman coci shida suka sa hannu a wata takarda a jarida suna kare shi, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. A watan Agusta James Franklin ya fara buga wata sabuwar jarida, New-England Courant, wadda ta zama dandalin Douglass da abokansa. Ƙanensa Benjamin Franklin, yaro ɗan shekara 15, yana koyon aiki a maɗabar. Waɗansu mutanen gari suka ce tsaga shisshigi ne ga ƙaddara, malaman suka ce neman sababi ne kamar kowane magani. Abin ya wuce fatar baki: aka yi ta yi wa Boylston barazana, a watan Nuwamba kuma wani ya jefa gurneti ta tagar gidan Mather, cikin ɗakin da wani ɗan'uwansa ke jinyar tsaga. Aka yi sa'a bai fashe ba.

Lissafi ya raba gardama

Ana cikin wannan cacar baki agana tana ta cin gari. A watan Oktoba kaɗai ta kashe fiye da mutum 400. Da ta lafa a farkon 1722 aka yi ƙidaya, aka tarar kusan mutum 5,900 sun kamu, watau fiye da rabin gari, 844 kuma sun mutu. Wannan ya kama mutum ɗaya cikin kowane bakwai.

Shi kuwa Boylston ya yi wani abu wanda ba wanda ya yi irinsa cikin masu gardamar. Duk wanda ya yi wa tsaga ya rubuta sunansa da shekarunsa da ranar da aka yi masa da yadda cutar ta kasance da kuma yadda ta ƙare, bai ɓoye waɗanda suka mutu ba. Shi da waɗansu likitoci biyu na garuruwan kewaye sun yi wa fiye da mutum 280 tsaga, 6 suka mutu, watau wajen mutum ɗaya cikin 47. Da aka jera lambobin nan biyu, ɗaya cikin bakwai da ɗaya cikin 47, sai gardamar ta sake kama. Masana tarihin likita suna ƙirga wannan cikin lokutan farko da aka auna amfanin wata hanyar magani da ƙidaya. A 1724 Boylston ya tafi Landan, a 1726 ya buga littafin da ya ƙunshi lissafinsa, a shekarar kuma Royal Society ta karɓe shi cikin 'ya'yanta, shi da ba shi da digiri.

Ba a Boston kaɗai aka yi wannan gardama ba. A Landan, a cikin shekarar nan ta 1721, wadda ta kawo maganar ita ce Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Daular Usmaniyya. Ta ga tsofaffin mata suna yin tsaga a can, ta sa aka yi wa ɗanta a Istambul a 1718, aka yi wa 'yarta a Landan a watan Afrilu na 1721. Can ma waɗansu likitoci suka yi ƙorafi cewa za a ɗauki aikin jahilan mata a shigo da shi gidan sarauta. Amma a can sai aka ga malamin coci, Edmund Massey, shi ne ya hau mumbari a 1722 yana la'antar tsaga. Ashe dai ba rigar mutum ke nuna inda zai tsaya ba. A watan Agusta na 1721 aka gwada ta a kan fursunoni shida na kurkukun Newgate bisa alkawarin za a sake su, duka suka rayu. A 1722 aka yi wa jikokin Sarki biyu mata. Daga nan James Jurin, sakataren Royal Society, likita kuma masanin lissafi, ya shiga tattara rahotanni daga likitocin ƙasar shekara da shekaru, abin da ya samu kuwa ya yi kusa da na Boston: wajen ɗaya cikin 50 ga masu tsaga, ɗaya cikin bakwai ko takwas ga sauran.

Inda likita ya yi gaskiya

Da a nan na tsaya da kun tashi da cewa gwani ya sha kunya, bare ya ci nasara, saboda haka digiri ba kome ba ne. Wannan kuwa kuskure ne, tarihi ma bai ce haka ba.

Hujjar Douglass ta biyu gaskiya ce tsantsa. Wanda aka yi wa tsaga agana ce ta sosai a jikinsa, yana kuma iya shafa wa maƙwabcinsa, maƙwabcin kuwa mai tsanani zai yi. Lissafin Boylston ya ƙirga waɗanda aka yi wa tsaga, bai ƙirga waɗanda suka kamu daga gare su ba. A watan Mayu na 1722, da Boylston ya sake yi wa waɗansu bayan annoba ta lafa, hukuma ta kwashe su ta kai wani tsibiri, ta kuwa yi daidai. A shekarun da suka biyo baya ƙa'ida ta zama sai an keɓe masu tsaga har su warke, wannan kuwa daga ƙorafin masu hamayya ya samo asali. Har ila yau, lissafin kansa yana da rauni wanda masanin ƙidaya zai gani nan da nan: waɗanda suka je wa Boylston yawancinsu masu hali ne da suke da abin biya da mai jinya, waɗanda agana ta kama a gari kuwa har da matalauta da marasa ƙarfi. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ta yi faɗin da wannan bai isa ya share ta ba, amma sai mai ilmin abin ne zai iya faɗin haka da tabbaci.

Shi ma Mather ba kome ya faɗa ya zama daidai ba. Littafin magani da ya kammala a 1724 yana ɗauke da hasashe mai kyau, cewa waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke kawo cuta, yana kuma ɗauke da magunguna barkatai waɗanda ba su da wani amfani. Mutumin da ya gaskata Onesimus shi ne dai ya gaskata labarin mayu. Saurin gaskatawarsa ya yi rana a 1721 domin abin da aka faɗa masa gaskiya ne, ya kuwa yi ɓarna a 1692 domin abin da aka faɗa masa ƙarya ne. Shi kansa ba shi da ma'aunin da zai rarrabe su.

Abin da ya fi ɗaukaka Douglass a idona shi ne abin da ya yi daga baya. Da agana ta komo Boston a 1730, ya duba lissafin da ya taru, ya yarda cewa tsaga tana rage mutuwa, ya shiga yinta da kansa, ko da yake bai daina sukar yadda aka fara ta ba. A annobar 1752 an yi wa fiye da mutum 2,000 tsaga a garin, wajen 30 suka mutu. Benjamin Franklin, yaron maɗabar nan, agana ta kashe ɗansa Francis mai shekara 4 a 1736, ya kuma rayu yana nadamar rashin yi masa tsaga, ya zama mai kira gare ta. A 1777 George Washington ya ba da umarni a yi wa sojojinsa. A 1796 likita Edward Jenner ya gwada abin da makiyayan Ingila suka daɗe suna faɗi, cewa wanda ya yi aganar shanu ba ya yin ta mutane. Wani manomi ma, Benjamin Jesty, ya riga shi yi wa iyalinsa a 1774. Amma Jenner ne ya jarraba, ya rubuta, ya buga a 1798, daga nan aka sami lamba, wadda ba ta shafa wa kowa agana. Da ita aka bi cutar ƙasa ƙasa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar ƙarewarta a 1980.

Abin da labarin ke koya mana

A ganina gardamar fasaha tana da matakai uku, kowane kuwa da masu haƙƙinsa. Na fari shi ne kawo shaida. Wannan na kowa ne, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Onesimus bai san karatun likita ba, amma tabon da ke hannunsa ilmi ne wanda jami'ar Utrecht ba ta koyar ba. Wanda ya ƙi sauraron shaida saboda matsayin mai kawo ta ya yi wa fanninsa hasara. Na biyu shi ne auna shaidar, watau a shirya gwaji, a ƙirga, a gano inda lissafi ya yi rauni. Wannan yana bukatar ƙwarewa, ba kuwa kowa ke da ita ba. Sai dai ƙwarewar a aiki ake ganinta: Boylston ba shi da digiri amma ya auna, Dalhonde likita ne amma labari kawai ya kawo. Na uku shi ne yanke shawara a kan kasadar da jama'a za su ɗauka, kamar a yi tsaga a cikin gari ko a bayan gari, wa za a fara yi wa, da izinin wa. Wannan na jama'a ne da hukumarsu, bayan sun saurari masu awo. Rikici yakan taso ne idan gwani ya hana bare matakin fari, ko kuwa bare ya ƙwace mataki na biyu ba tare da ya ɗauki wahalarsa ba.

Mu ma a ƙasar nan mun ɗanɗana irin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, inda aka sa yara wajen 200 cikin gwajin, 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye da gwamnati suka kai ƙara a kan batun izini da yadda aka yi aikin, aka sasanta da Jihar Kano a 2009. Saboda haka da aka fara tambaya a 2003 ko me ke cikin maganin rigakafin shan inna, tambayar tana da dalili, iyaye kuwa suna da haƙƙin yinta ko da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Inda aka kauce shi ne da aka mai da zargi ya zama hukunci tun kafin a auna. Waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indonisiya. Kafin nan cutar ta shanye ƙafafun yara da yawa a gida, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yaman da Indonisiya. Abin da ya gyara al'amarin shi ne da masana suka sauko suka yi bayani, sarakuna da malamai kuma suka shiga aikin, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka.

Kammalawa

To, ga ɗalibi da ma'aikaci, me ya rage? Kai ma'aikaci, fayil zai zo teburinka a kan madatsar ruwa ko taki ko magani, kai kuwa ba injiniya ba ne, ba likita ba. Kada ka sa hannu don kawai mai digiri ya faɗa, kada kuma ka ƙi don kawai ka ji wata magana a kasuwa. Akwai tambayoyin da ba sa bukatar digiri, su ne kuwa suka raba gardamar Boston: me aka gani da ido, mutum nawa ne, da me aka gwada shi, wa aka bari ba a ƙirga ba, me kuma zai sa mai maganar ya sake ra'ayinsa? Gwanin ƙwarai zai amsa su ba tare da fushi ba. Wanda ya ce maka ba fanninka ba ne, ya tsaya a nan, bai amsa kome ba.

Kai kuma ɗalibi, gobe kai ne za ka zama Douglass na garinku, watakila kai kaɗai ne mai irin takardarka a ƙaramar hukuma duka. Wani makiyayi ko ungozoma ko maƙeri zai zo maka da maganar da ba ta cikin littafinka. Tana iya zama ƙarya, tana iya zama gaskiya, ba kuwa za ka sani ba sai ka tambaya ka auna, aikin da aka koya maka ke nan. Douglass ya shekara tara kafin ya yarda da abin da lissafi ya nuna, mutanen da suka mutu a tsakani kuwa ba su dawo ba. Shi Onesimus, wanda maganarsa ta tada duk wannan al'amari, a 1716 ya biya kuɗi aka sayi wani bawa a madadinsa kafin Mather ya sake shi, bisa sharaɗin zai riƙa zuwa yana yi masa aikin gida in an kira shi. Ba a gayyace shi taron likitocin da aka yi a 1721 ba, ba wanda kuma ya rubuta sunan da iyayensa suka raɗa masa.